Albam ɗin ajiye silalla mai aljihu 120, abin da na gani bayan wata 14 ina amfani da shi a Damagaram

Tun da na fara nuna wa mutane albam ɗin nan a shago kullum sai an tambaye ni wai ina na samo shi, nawa ne, kuma yana da kyau ko a'a, to yau dai na ce bari in zauna in rubuta komai yadda na gani da idona, domin amsar ba ta tsaya a eh ko a'a ba. Yana da kyau ta wani gefen sosai, ta wani gefen kuma ya kusa sa ni asarar abin da ba zan iya sake samu ba.

Ni ɗan tireda ne, ina da ɗan shago nan kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, sukari, shayi, sabulu, magi, ashana, irin kayan da ake saye da canji. Mu nan Nijar har gobe kuɗin ƙarfe na aiki, ba kamar Najeriya ba da yaro zai girma har ya yi aure bai taɓa sayen abu da kwandala ba. Don 'yan uwa na Najeriya da za su karanta, mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, dala biyar 25, dala ashirin 100, dala arba'in 200, dala ɗari 500, jika kuma 1000. To kullum da dare idan na zube canjin yini a kan tire ina warewa, wani lokacin sai in ga baƙuwar fuska a ciki, kuɗin wata ƙasa ya shigo ya saje da namu ba wanda ya lura, har ni da na karɓa. Garinmu mahaɗa ce, motocin Agadas na saukowa ta Tanut, na Diffa na zuwa daga gabas da mutanen Chadi, ta kudu kuma Magarya da Matamai sai Daura sai Kano, kowa da abin da ya rage masa a ƙasan aljihu.

Wadda ta fara sa ni wannan harka dinari 50 ce ta Aljeriya. An ba ni ita da magariba a matsayin dala ɗari, kuma wallahi ko kai ne sai ka karɓa, don tsakiyarta fara ce zobenta ruwan zinariya kamar dai tamu ta 500 da ta fito a 2003, girman ma kusan ɗaya, tamu milimita 28 tasu 28 da rabi. Sai da na kunna fitila na ga kan barewa a jiki da rubutun Larabci. A lissafi asara na yi don ba ta kai rabin dala ɗari ba, amma na daɗe ina juya ta a hannu ina tunanin hanyar da ta biyo, Tamanrasset, Assamaka, Arlit, Agadas, hannu nawa ta ratsa kafin ta zo ta sayi shayi a wurina. Na jefa ta a gwangwanin madara. Shekara 9 ke nan, gwangwanin nan har ya kai ba ya rufuwa, kuma duk lokacin da nake neman guda ɗaya sai na zazzage duka a tabarma, suna gogar juna suna karcewa.

Ƙanena da ke karatu a Kano shi ya yi min odar albam ɗin ta intanet ya ba direba ya kawo min, har da kuɗin mota bai kai jika huɗu ba. Ba shi da sunan kamfani a jiki, irin na Chaina ne da ake sayarwa ko'ina kala-kala, nawa ruwan ƙasa ne. Ƙarami ne fiye da yadda yake a hoto, wannan ku sani tun yanzu, bai fi tafin hannun babban mutum da kaɗan ba, zai shiga aljihun gaban babbar riga. Bangon roba ce da aka yi wa kamar fata, a ciki shafi 10 na leda mai haske, kowane shafi aljihu 12, shi ne 120 ɗin. Kowane aljihu wajen santimita 3 ne tsawo da faɗi, da ɗan murfi a sama da kake lanƙwasawa bayan ka zura kuɗin. Da na buɗe shi sabo wani wari ya bugo ni, irin warin sabon takalmin roba, ban ɗauke shi komai ba a lokacin, ashe warin nan shi ne labarin gaba ɗaya, zan zo kai.

Daren da na fara jera su ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu, kuma gaskiya a nan ne albam ɗin ya biya kuɗinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne kana ganin gaba da baya ba tare da ka taɓa kuɗin ba, juya shafi kawai za ka yi. Kuma idan ka jera su kusa da juna sai ka fara ganin abubuwan da shekara da shekaru suna cikin gwangwani ba ka taɓa gani ba.

Shafi biyu na farko na ba sefar gabas, ta bankin BEAC da ke Yawunde, wadda Kamaru da Chadi da Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya ke kashewa. Ita ce ta fi shigo mana, don darajarta ɗaya da tamu, duka biyun wajen sefa 656 ne a kan yuro ɗaya, amma a doka ba a kashe tasu a nan ba a kashe tamu a can. Tsofaffin dala ɗaya da dala biyu da dala biyar nasu girmansu da kalarsu ɗaya sak da namu, bambancin sai ka duba, namu na BCEAO, wato babban bankinmu na Afirka ta Yamma, na da kifin nan mai baki kamar zarto, wanda asalinsa ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan na Gana da Kodebuwa, nasu kuma kawunan dabbobin daji uku ne jere masu murɗaɗɗen ƙaho kamar gwanki. Tsofaffin dala ashirin nasu ma har sunan ƙasa ake rubutawa, ina da ta Chadi 1975 da ta Kamaru guda uku. Amma wadda ta fi ɗaukar hankalina dala goma ce tasu da aka fara bugawa a 1976, sai da na jera guda bakwai a shafi ɗaya na lura kowace da ɗan harafi guda a jiki kuma ba iri ɗaya ba ne. Na shiga Numista, wani kundin silallan duniya ne a intanet da ake dubawa kyauta, har da Faransanci, a nan na gane harafin ƙasa yake nufi, A Chadi, B Afirka ta Tsakiya, C Kwango, D Gabon, E Kamaru. Da na koma na duba nawa sai na ga A guda uku, E guda biyu, B ɗaya, C ɗaya. Babu D. Ka ga da suna cikin gwangwani da har yau ina ganin duk abu ɗaya ne, da ma na kyautar da wasu.

Shafin arewa shi ne wanda yara suka fi so, don kuɗin Aljeriya na 1992 zuwa sama kamar gidan namun daji yake, dinari 2 raƙumi, 5 giwa, 10 shaho, 20 zaki, 50 barewa, 100 doki. Ina da duka sai raƙumin. Kusa da su na sa na Libiya masu mahayin doki na 1979, waɗannan samarin da suka dawo daga aiki can suka fi kawo su. Sai fam ɗaya ta Masar mai fuskar Fir'auna Tutankamun, ita kuma a matsayin dala arba'in take shigowa don tsakiyarta ruwan zinariya zobenta fari kamar tamu ta 200, sau uku ana ba ni ita, kuma yanzu ko dala biyar ba ta kai ba. Duk mai shago ya riƙa duba dala arba'in da dala ɗari da kyau idan duhu ya yi, nan ne asarar take.

Na Saudiyya ba sai an faɗa ba, bayan kowane aikin Hajji sai sun zo. Wata rana wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikarta da ƙulli a gefen zane, da na kwance sai ga halala hamsin guda biyu masu dabino da takubba biyu a tsakiyar canjin. Da yamma na je gaishe ta na ce Hajiya Inna, waɗannan ai ba na nan ba ne, tsarabar Makka ce ta biyo canji. Ta ce kai ɗan nan, tun zuwana na farko suke cikin adakata, idona ne ba ya rarrabewa yanzu, riƙe su tunda an ce kana tarawa. Ɗaya shekararta 1400 ɗaya 1408, da lambobin Larabci. Ga mai son sanin shekarar bature, ka ninka shekarar Hijira da 0,97 ka ƙara 622, za ka samu kusan daidai, 1408 ta faɗa wajen 1987 zuwa 1988. Sababbin na zamanin Sarki Salman sun hutar da mutum, an rubuta 1438 da 2016 duka a jiki.

Akwai shafin da na haɗa Gana da Faransa da yuro don ba su da yawa. Tsohuwar sidi 200 mai hoton wuri tana nan, daga kafin Gana ta yanke sifili huɗu a kuɗinta a 2007, da faran ɗaya ta Faransa mai matar nan da ke watsa iri, da santim 20 na yuro guda biyu. Su santim 20 ɗin nan a matsayin dala biyu ake ba da su don kalar ɗaya ce, alhali kowace ta haura sefa 130. Ni abin da nake yi, idan na gane tun mutum na tsaye nakan gaya masa, in ya yarda in saya a hannunsa da darajarta, in kuma sai da dare na gani to ba yadda zan yi. Wadda kuma aka ba ni ta ƙasa da daraja, aljihuna nake cirowa in cike akwatin shago, ban taɓa miƙa wa wani ita a canji ba, don wanda zan ba wataƙila yarinya ce mai talla da za a doka a gida idan kuɗi bai cika ba. Wannan harka in ba ka kiyaye haƙƙi ba ba ta da daɗi.

Wani abin yabo shi ne ledar na da haske sosai tana sabuwa, har ta cikinta nake duba ƙananan alamomi da madubin masu gyaran waya. Yawancin tsofaffin silallan sefa a gidan buga kuɗi na Faransa aka buga su, kuma suna ɗauke da alamomi biyu ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya wani ƙaho ne cike da amfanin gona wanda shi ne tambarin gidan, ɗayar kuma ta babban mai zane ce kuma tana canzawa da zamani, na 1958 zuwa 1974 mujiya, daga nan zuwa 1994 kifin dolfin, sai ƙudan zuma bayansa. Ranar da na nuna wa ɗan yayana mujiyar nan a jikin dala biyar sai da ya yi ihu, ya ce Baffa dama akwai tsuntsu a jikin kuɗi muna ta kashewa ba mu sani ba? Yanzu duk canjin da aka aike shi da shi sai ya duba kafin ya miƙa.

To yanzu matsalolin. Na farko ba wurin rubutu, ko layi ɗaya, ba inda za ka sa sunan ƙasa ko shekara ko ranar da ta zo hannunka. Ni kuma labarin zuwan kuɗin ya fi min kuɗin muhimmanci. Sai na riƙa yanka 'yan takardu ƙanana ina rubutawa da fensir ina sa wa a aljihun da ke kusa, ka ga ke nan 120 ɗin ta ragu sosai. Daga baya na koma littafi daban, shafi na kaza aljihu na kaza, ya fi.

Na biyu girman aljihun ɗaya ne duka. Ƙananan kuɗi kamar dala ɗaya mai milimita 20 yawo suke a ciki, suna juyewa kai ƙasa, kuma in ka kifa albam ɗin ko yaro ya girgiza shi sai murfin ya buɗe su zubo. Manya kuma kamar dinari 50 da ƙyar suke shiga, fitar da su sai da tsinke, aljihu biyu sun yage min ta gefe a wajen ciro su. Babban kwabon nan mai huda na zamanin Ingila da tauraro mai tsini shida, wanda kakana ya bar min, ya ƙi shiga sam, balle silallar Ostiriya ta azurfa mai hoton Mariya Tareza da shekarar 1780 da ta kai kusan santimita 4, wannan kada ma ka gwada. Na uku in ka cika shi kumbura yake kamar cikin da ya ƙoshi, ba ya rufuwa, nauyin ƙarfen na jan shafukan daga ɗinki. A ganina kada ka wuce 80 a ciki, kuma ka raba masu nauyi, kada ka tara su shafi ɗaya. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta bakin aljihu ta manne a ledar, ba ta goguwa daga ciki.

Duk waɗannan da sauƙi, mutum zai iya haƙuri da su a kan kuɗin da ya biya. Babbar matsalar sai da bazara ta zo na gan ta.

Na saye shi ne bayan damina, duk hunturu lafiya lau. Albam ɗin a shago yake kwana cikin durowa, shagon kuma rufin kwano ne, wanda ya san Damagaram a watan Afrilu da Mayu ya san zafi na haura 40, cikin shagon kwano a rufe kuwa sai Allah. Azumi da hidima suka sa na yi kusan wata biyu ban buɗe shi ba. Ranar da na ɗauko zan sa wata sabuwa, sai na ji shafukan sun manne da juna, da na ja sai suka rabu da ƙara kamar ana ɓare salatif. Ledar da take garau ta yi hazo, ta yi laushi, tana danƙo a yatsa. Na buɗe shafin Najeriya gabana ya faɗi. Kwabo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai, jan ƙarfe, ya yi wani kore-kore mai maiƙo a kan lambobin da gefen baki, kamar an ɗiga masa miyar kuka ta bushe rabi. Kwabon 1959 mai huda, ba babban nan na kakana ba, shi ma haka, koren ya zagaye hudar. Da na zaro shi sai da ya bar zanensa a jikin ledar, har shekarar ana karantawa. Dala biyu ta 1957 mai rubutun Afirka ta Yamma ta Faransa da Togo, wadda a canji na tsince ta kuma ita ce mafi tsufa da na taɓa samu tana yawo a kasuwa, ta fara yi a gefe ɗaya. Farare irin su kwabo 25 mai dalar gyaɗa da dala ashirin ba su nuna kore ba, amma duk sun yi naso.

Na yi ta karatu a kai daren nan. Ledar irin PVC ce mai laushi, kuma abin da ke sa ta laushi wani mai ne da ake haɗawa a ciki, shi ne warin nan da na ji tun ranar farko. In zafi ya yi yawa sai man ya riƙa tsattsafowa yana kwanciya a kan ƙarfe, in ya haɗu da laima sai ya zama mai cin ƙarfe, kuma jan ƙarfe da tagulla ya fi kamawa. In an gani da wuri yana fita, in an bar shi sai ya ci fuskar kuɗin ya bar ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa har abada. Masu tara kuɗi a Turai sun daɗe da sanin wannan, su da ba su da zafinmu ma suna gudunsa, to ina ga mu. Abin da ya ɓata min rai shi ne ba inda mai sayarwa ya rubuta irin ledar, ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu.

Yadda na cece su, ko zai amfani wani. Na samo asetan tsantsa wajen masu sayar da kayan fenti, ba ruwan goge farcen mata ba don shi akwai turare da mai a ciki. Na zuba a kofin gilas, kada a sa a roba don narkar da ita yake, na jiƙa kowane kuɗi shi kaɗai na ɗan lokaci, na canza ruwan na sake, na ɗora a kan tsumma mai tsabta ya bushe da kansa. A tsakar gida na yi, nesa da murhu, don abin na kama wuta kamar fetur. Ban goga ba ko kaɗan. Dala biyun 1957 ta fita tas alhamdulillah, kwabon 1959 ma ya dawo, amma na 1973 ya riga ya ci, akwai tabo guda biyu kusa da lambar ɗaya da suka zauna. Ba wani kuɗi mai tsada ba ne, a Kano za a samu irinsa da yawa, sai dai wannan ɗin wani tsoho mai sayar da goro ne ya ba ni da hannunsa, kuma ya rasu.

Tunda maganar wanki ta zo, don Allah a daina wanke tsofaffin silalla da lemun tsami ko tsamiya ko toka ko soson ƙarfe. Na san yana sa su ƙyalli, ni ma na yi a farko, amma fatar kuɗin kake cirewa, duhun nan da ya yi na shekaru shi ne adonsa kuma shi ke kare shi. Wadda ta zo da dauɗar kasuwa, ruwa da ɗan sabulu da yatsa ya isa, a shanya ta bushe sosai kafin a ajiye.

Abin da nake yi yanzu, ban jefar da albam ɗin ba. Na goge shafukan da ba su lalace ba, na cire guda biyu da suka yi danƙo sosai, na mai da shi gida cikin ɗakin ƙasa inda ya fi sanyi, a cikin akwati tare da 'yan ƙullin garin nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Farare da waɗanda nake da biyu-biyu su ne kawai a ciki, su nake ɗauka in nuna wa mutane ko in yi musaya, kuma duk wata sai na buɗe na duba. Jan ƙarfe da tagulla da duk wadda nake ji da ita na fitar da su. Ƙanena ya sake aiko min da irin kwalin nan mai santimita 5 da taga a tsakiya, ledarsa siririya ce mai ƙarfi marar wari, kana sa kuɗi ka ninke ka danne da sitafula, ga fili fari na rubutu a gefe. Wannan ya fi min albam ɗin nesa ba kusa ba wajen ajiya, sai dai ba shi da daɗin kallo kamar juya shafi. Kafin su iso ma ambulan na yi da farar takarda na naɗe kowace ita kaɗai, kuma ya yi aiki, wanda ba shi da hali ya yi haka.

In yaronka ne ya fara sha'awa, ko kai ne kake da gwangwani irin nawa kana son ka san me ke ciki, saya, kuɗinsa ba yawa kuma zai buɗe maka ido. Amma ka shinshina shi tukuna, in yana warin sabon takalmin roba kuma ledar na lanƙwasuwa kamar fata to ka san irin nawa ne, kada ka sa abin gado a ciki, kada ka bar shi a shagon kwano ko cikin mota. In kana da hali ka nemi wanda aka rubuta ƙarara babu PVC, ko da ya ninka kuɗi. A maki biyar ni uku zan ba shi.

Shafin dala goman nan na gabas yana nan yadda na jera shi, don su farare ne kore bai kama su ba, A, B, C, sai aljihu ɗaya da na bari fayau, sai E. Akwai wani direba da ke yin Diffa yana tsayawa shan shayi kusa da ni, na zana masa harafin D a bayan kwalin ashana na nuna masa daidai inda zai duba a jikin kuɗin, ya ce Malam in dai tana yawo tsakanin nan da Ngigmi zan kawo maka ita. Zuwansa biyu ke nan, ya kawo min A guda huɗu da wata E, kwalin ashanar na nan a gaban motarsa.